Numfashi a Jikin Gilashi

Taku shida ne tsawon motar da nake kwana ciki,
a bakin tekun Galisiya, bayan garin Muros,
inda ruwan sama ba ya sallama, ba ya ban kwana.
Wasu gona uba ya bar musu.
Ni nawa ya bar mini gida mai taya huɗu
da makullin da sai an lallashe shi.

Shekarar farko na ɗauka laima daga waje take zuwa.
Na toshe kowace kafa,
na bi bakin taga da roba da danƙo,
na kwanta ina yaba wa kaina.
Kafin asuba rufi ya ɗiga mini a goshi.
Gilashi na gumi kamar ya kwana dako,
fumfuna ta zana baƙar taswira a bayan katifa,
takalmin babana ya tsiro da koren gemu,
gishiri ya dunƙule, ashana ta ƙi magana.

Breixo, tsohon da ke ɗinkin koma a tashar jirage,
ya leƙo, ya shaƙi iskar ɗakin, ya yi tsaki.
Ya ce, "Sabela, ba teku ce ta shigo miki ba.
Ke ce.
A dare ɗaya ƙirjinki kan fitar da ruwa cikin kofi.
Ga tukunya, ga rigar aiki da kika rataye a jiƙe,
ga murhun gas mai ba ki ɗumi da dama,
ya yayyafa miki ruwa da hagu.
Kin kulle ɓarawo a ɗaki, kina gadin ƙofa."

Sai na koyi abin da jiki ba ya so:
buɗe taga faɗin yatsa biyu ko haƙora na kaɗawa,
a ɗaga murfin rufi, iska ta sami mashiga da mafita.
Na ɗora katifa kan tsagaggun katakai don ta sha iska ta ƙasa.
Na rufe tukunya.
Rigar kamfanin kifi ta koma kwana a rumfar waje.
Kwanon gawayi a lungun tufafi,
tsumma a aljihun ƙofa, shi nake fara gaisarwa da safe.
Na sayi ɗan ma'auni mai allura.
Idan ya haura saba'in, ba na jayayya da shi.

A Fabrairu ƙanwata Antía ta zo da jaka ɗaya,
aikinta na Vigo ya ƙare, ba ta son a tambaya.
Mako uku muna kwana kai da ƙafa.
Ƙirji biyu, tawul biyu, shayi ba adadi.
Allura ta hau tamanin ta miƙe ƙafa.
Ina goge taga ina mita,
ita tana rubutu da yatsa a inda ban kai ba:
sunan kare da muka yi muna yara,
da wani kifi mai kunnuwa.
Na ce ta daina, tabo yake bari.

Ta tafi ranar Talata a bas ɗin safe.
Cikin kwana biyu allura ta sauko hamsin da biyar.
Bargo ya bushe, ashana ta kama a karo ɗaya.
Breixo ya shafa bango ya ce, "Yanzu kin iya."
Na ce, "Na iya."

Jiya ina dafa dankali na manta murfi.
Tururi ya tashi ya kwanta a gilashi,
sai ga kifin nan ya fito da kunnuwansa,
sunan karen na biye, harafi ɗaya ya zurare.
Murfin na hannuna, tsumma na inda yake.
Na bar tukunyar ta ƙara tafasa kaɗan.