Bakin Selmira

A cikin wasan bidiyon ba ta magana.
Tsalle take yi, ta nutse a teku, ta mutu,
yaro ya danna maɓalli ta miƙe
kamar ba ita kifi ya haɗiye ɗazu ba.
Mu muka yanka mata baki,
a hawa na uku, saman gidan burodin Valdemir,
unguwar Mooca, birnin São Paulo,
inda ƙamshin yis ke hawowa ya kwanta cikin tawada.

Zuleide ke zana ta. Ni nawa rubutu ne.
Takan bar mini farin fili kusa da leɓe
in cika da hannu, baƙi bayan baƙi.
Maganarta ta farko a duniya ni na rubuta,
fitowa ta ɗaya, shafi na huɗu:
"Iska ta kusa ƙarewa?"
Sau uku ina gogewa
kafin alamar tambayar ta tsaya da ƙafarta.

Dubu sittin muka buga.
Kwana tara, rumfunan jarida suka ce a ƙaro.
Maigida ya sayo gasasshiyar kaza,
ya yi mana alkawarin fanka.
Kazar dai mun ci.

A ta goma sha ɗaya wasiƙa ta iso
daga masu ita, can ƙetaren ruwa,
mutanen da ko tarinsu ba mu taɓa ji ba:
a rage kafaɗa, a matse ƙugu,
a share tabon da ke haɓarta.
Zuleide ta karanta, ta ninke huɗu,
ta tokare ƙafar tebur da ita.
Tabon nata ne, na faɗuwa daga keke tana 'yar bakwai.
Kafaɗar ta rage musu.
Tabon kuwa ta mai da shi bayan kunne,
inda sai mai nema zai gani.

Sai kuɗi ya fara narkewa a aljihu kamar ƙanƙara.
Farashin safe ba ya kai la'asar.
Launi ya gudu a ta ashirin da biyu,
tekun ya koma toka-toka,
takarda ta zama mai shan tawada ba ƙoshi.
Ta ashirin da bakwai ba ta fito ba sam.
Har yau masu tarawa suna rantsuwa
wani ya gan ta a wata kasuwa a Recife.
Ni na san inda take:
ambaliya ta dama ta kamar kunu a ƙarƙashin injin.

Daga nan kamfani ya sayar wa kamfani,
igiya ɗaya, hannuwa daban-daban.
Sababbin suka koma ƙirga daga ɗaya,
suka kashe mata uwa don ta sami abin fushi,
suka miƙa aikina ga kwamfuta.
Rubutun ya yi kyau, ban musa ba.
Kowane harafi da ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya,
babu mai ɗingishi.

Zuleide ta rasu bara a Santos,
tagarta na kallon teku.
Matar da ta nutsar da Selmira sau ɗari
ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba.

Jiya jikata Nilce ta shigo da kundi mai kauri,
tsofaffin fitowa an haɗe su wuri guda,
bango mai ƙyalli, kuɗinsa ya fi albashina na wancan zamani.
A shafin ƙarshe an ci wa Zuleide harafi ɗaya.
Nawa sunan ko ƙurarsa babu.
Yarinyar ta buɗe shafi na huɗu, ta ɗora yatsa:
"Kaka, me ya sa wannan alamar ta karkace?"

Na ce ta miƙo mini tabarau.
Ta ce suna kan goshina.