Abin da Wuƙar Kankara Ta Tono

Magajin gari ya aiko takarda mai hatimi:
a shafe gidajen fili kafin sallar ƙasa,
baƙi na tafe da motoci daga Yamai.
Ni ne Tankari, mai guga da tsani,
shekara talatin da ɗaya ina yi wa bango kwalliya
a tsakiyar birnin Tawa.

Na soma da tsohon gidan waya.
Kafin ka shafa sabo, kankare tsoho,
haka Nomau ya koya mini, Allah ya ji ƙansa.
Wuƙa ta shiga, fari ya zube kamar ɓawon gyaɗa,
ƙarƙashinsa kore na zamanin soja,
ƙarƙashin kore shuɗi, da wani ɗan takara ya sa aka shafa,
ladan aikin har yau ina jiran fitowa.

Can ƙasa rawaya, launin Nasara,
ya kama bango kamar kaska.

A wannan lungu Mushe Arzika ke zama,
teburinsa ƙafa uku, dutse ne ta huɗu,
yana karanta wa mata wasiƙun Abijan.
In labari ya yi ɗaci sai ya gyara tabarau
ya ƙara daga aljihunsa: "Yana gaida yara."
Kafaɗarsa ta bar maiƙo jikin bangon,
sau uku na rufe shi, yana dawowa.

Na ja tsani zuwa gidan kumandan.
Ginshiƙi bakwai, na takwas ya kwanta
shekarar da ruwa ya ci rumfunan ƴan gishiri.
Kakata ta ce nan ake ƙirga lanho,
wanda bai cika ba a shanya shi kamar barkono
taki biyu tsakaninsa da inuwa.

Yanzu jemagu ne ke shari'a a ciki.
Takardun haihuwa sun kai rufi,
gara ta cinye sunan rabin gari,
ba ta tambayi ko ɗan wa ba ne,
ɗan mai doki da ɗan mai jaki, duk tuwo ɗaya gare ta,
ta fi mu iya daidaita kowa.

Gindin ginshiƙi na uku, yaɓe ya saki,
ya faɗo mini kan ƙafa, na zagi uwar siminti.
Da na duƙa sai ga jan dutse da laka,
cikin lakar kuma tafin hannu,
yatsa huɗu.

Kakana Gado yatsa huɗu gare shi.
Dutse ya cinye ɗaya, dutsen da suka ɗauko a ka
tun daga tudu, babu lada, babu ruwan sha.
Ban ce nasa ne ba.
Mutum nawa suka yi dakon nan? Yatsa nawa ya tafi?
Allon tagulla a ƙofa suna ɗaya ya riƙe,
sunan wanda ya tsaya ƙarƙashin laima yana nunawa.

Na sa hannuna a ciki.
Nawa ya fi faɗi, nasa ya fi zurfi.
Laka ta yi sanyi kamar gindin randa.
Agali mai shayi ya leƙo daga ƙarƙashin bedi:
"Tsoho, kunama ce?" Na ce a'a,
gaisawa muke, an daɗe ba a haɗuwa.

Yaron ma'aikata ya iso, waya a kunne,
takalminsa bai san ƙasa ba.
"Baba, rufe ramin nan, jibi baƙi za su wuce."
Na ce to. Mai neman na cefane ba ya gardama.

Amma ban dama siminti ba.
Na juya masa baya, na ƙara ruwa a guga
har farar ƙasa ta koma kamar tsala,
na shafa sau ɗaya, a hankali.
Baƙi za su ga fari, su tafa, su tafi.
Ruwan farko na damina in ya sauka,
hannun zai fito ya gaida masu wucewa.