Mutu-Ka-Tashi

Jikata ce ta karanto mini a waya,
ina gyaran fitila bayan la'asar:
wai Aristid Kormo ya rasu, shekara casa'in ba biyu,
a wani gari mai yawan ruwa da bakina ya kasa sunansa.
Na ce, Zali, ƙyale shi,
ai ya saba.

Ni kaina na sha kashe shi.
Shekara ashirin da uku ina ɗakin sama na silimar Tawa,
daga ni sai inji, sai zufa, sai ƙwarin fitila.
Faifai ya zo daga Yamai a bayan kamyo,
ya sha Dosso, ya sha Ƙonni, duk jikinsa zane.
In na kunna, haske ya tsallake kawunan mutane
ya manna shi a bango:
dogon hanci, kunne kamar marfin tukunya,
idanun wanda aka ci bashinsa aka bar gari.

Bai taɓa zama jarumin ba.
Shi ke buɗe wa jarumi ƙofa.
Shi ne sojan da harsashin farko ke nema,
akawun da ya ga abin da bai kamata ba,
direban da birki ya ci amanarsa.
Kafin in ɗora faifai na biyu ya faɗi,
sati na zagayowa ga shi da sabon gashin baki.
Yaran bencin gaba suka raɗa masa Mutu-Ka-Tashi.
Arzika mai yage tike ya ƙirga da gawayi a ƙyaure:
talatin da ɗaya.

Mushe Nomau na lakwal, mai karatun jarida, ya ba mu asalinsa.
Ɗan mai gasa burodi ne,
yana sha biyar ya bi 'yan wasa yana ɗaukar musu akwati.
Shekara tara yana sharar dandali
kafin a ba shi magana,
maganar kuma guda ce: abinci ya sauka.
Wai can ƙasarsu, da ya yi furfura,
sarki yake fitowa a dandali, jama'a su miƙe da tafi.
Mu dai sarautar ba ta iso mu ba.
Baran muka sani.

Faransancina bai wuce na cefane ba,
amma na ga yadda yake ajiye kofi in an kawo masa mugun labari,
a hankali, kamar kofin ne zai ji ciwo.
Ranar da aka zo mini da rasuwar Hajo
ina shan shayi ƙofar silima.
Na ga hannuna yana sauka irin nasa.
Na ji kunya.
Daga baya na ce, to wa ya koya wa wani?

Wani daren damina faifai ya tsinke yana cikin faɗuwa.
Bango ya yi fari fat, aka hau jifana da ɓawon gyaɗa.
Na datse, na liƙe da jan farce, na mayar,
guntun kuma na sa aljihu.
Hoto uku ne, faɗin ɗan yatsa:
gwiwa ta lanƙwashe, hula na iska,
ƙasa ba ta karɓe shi ba tukuna.

Silimar yau rumbun albasa ce.
Ɗakina na sama, buhuna har rufi.
Arzika ya riga shi tafiya, ƙyauren ma an sayar.

Na zazzage gwangwanin maɓallai na ciro guntun,
na ɗaga shi ga sauran ranar da ke kan katanga.
Zali ta leƙo ta kafaɗata, ta runtse ido ɗaya.
Ta ce, Kaka, faɗuwa yake ko tashi?
Na ce, riƙe ta gefe, yarinya,
kada yatsanki ya taɓa masa fuska.