Ɗan Akwatin Layi na Sha Tara

Endla ta kira ni ranar Talata,
muryarta a shaƙe kamar mai mura:
"Piret, zo ki duba mana jadawalin nan.
Kwana uku kicin na aika kunu da baƙin burodi
ɗaki na sha tara,
alhali Voldemar ya cika tun daren Asabar."

A Viljandi, cikin hunturu, rana ba ta jiran ƙarfe huɗu.
Na bi gefen tabkin da ya daskare
zuwa gidan kula da tsofaffi,
na zauna gaban kwamfutar da na ɗora wa manhajar
shekara shida baya.

Ba laifin kowa ba ne.
Sunaye arba'in da biyu a jere,
kowanne da ɗan akwati a gefensa.
Siiri mai aikin dare kan gangaro da linzami,
ƙyas, ƙyas, ƙyas,
hannu ya riga ido,
ido ya riga zuciya.

Na ce hanya biyu ce.
Ko in dushe shi ya koma ruwan toka,
ana ganinsa, ba ya amsa dannawa,
ko in ɗauke shi ɗungurungum.
Endla ba ta ko ɗago kai ba.
"Ɗauke. Abin da ido bai gani ba
yatsa ba ya nemansa."

Sharaɗi ɗaya na rubuta, gajere:
idan gurbin ranar tafiya ba fanko ba ne,
kada a zana akwati.
Na gwada. Layi na sha tara ya yi fari fat.
Na sha shayina, na koma gida da ƙafa.

Asubar Alhamis waya ta sake ruri.
Helju ta ɗaki na talatin da huɗu,
mai rai, mai faɗa, mai neman ƙarin gishiri,
ba ta samu karin kumallo ba,
akwatinta ya yi ɓatan dabo.
Da aka koma sama kuwa,
ga na Voldemar nan zaune daram
kamar bai je ko'ina ba.

Sai na tuna halin jadawali: marowaci ne.
Akwatuna sha biyar kacal yake da su,
iyakar abin da allo ke ɗauka.
In ka gangara, sai ya kwashe na sama
ya ara wa na ƙasa,
riga ɗaya, masu sawa da yawa.
Na koya masa lokacin ɓoyewa,
ban koya masa lokacin dawowa ba.
Rabin sharaɗi na rubuta,
tsohuwa ta biya sauran da yunwa.

Na ƙara abin da ya rage:
in ba haka ba, a mayar da shi.
Kalmomi kaɗan, kunya mai yawa.
Na gangara, na hau, na gangara, har sau ashirin,
kowa ya riƙe nasa.

Ina naɗe wayar caji Siiri ta tsaya a ƙofa,
rigar sanyi a kafaɗa, barci a ido.
Ta ce farin gurbin nan
kamar giɓin haƙori yake mata,
harshe sai ya koma can.
Shekara huɗu tana ɗaga masa matashi.
"Ba za ki bar shi ba, ko da a dushe,
zuwa ƙarshen wata?"

Endla ta dubi taga, ta ɗaga kafaɗa.

Yanzu sharaɗin ya zama hawa uku:
mai rai, akwati mai amsawa;
wanda ya tafi cikin watan nan, ruwan toka;
bayan haka, fari.

An ce mini da dare linzamin kan sauko,
ƙyas, ƙyas,
ya iso na sha tara,
ya ɗan tsaya a kansa ba ƙara,
sannan ya wuce na ashirin,
wanda ba ya cin man shanu.