Ɗori

Mu huɗu ne a kan kwamfuta guda,
wadda murfinta ya karye tun zangon farko.
Sahabi ya ɗaure ta da robar tayar keke,
sai an jingine ta da gwangwanin madara
kafin ta yarda ta buɗe ido.
Litinin tawa ce, daga isha'i zuwa ƙarfe ɗaya.
In an ɗauke wuta, rabona ya bi ta,
babu ranko.

Shi ya sa na koyi rubuta wa na'ura umarni a takarda,
a bayan tsohon littafin lissafin ƙanena.
Ni ne mai rubutu, ni ne injin,
ina bin layi da yatsa kamar mai tilawa,
ina farautar waƙafi ɗaya da ya ɓace mini.

Kuɗin rajista suna can cikin rumfar albasa.
Baba ya ce a jira kasuwar Aliero ta tashi.
Muka jira, zafi bai jira ba.
Buhu tara suka koma huɗu,
saura wari da ƙuda.
Ya kira ni yana dariyar da ba ta kai ciki ba:
"Wagga shekara ta auna mu, Attahiru."

Zangon nan na faɗi darasi biyu.
Na ga lambata a allo, na wuce kamar ta wani ce.

Luba ce ta kama ni ina naɗe tabarma,
Luba ta sashen lantarki,
mai suyar awara a bakin ƙofa bayan la'asar.
Ba ta yi mini wa'azi ba.
Ta ce, riƙe mini kwanon nan, raka ni gidan kakana.

Tsohon mai ɗori ne.
Zaurensa cike da waɗanda babur ya kayar.
Wani yaro na ihu, hannu ya lanƙwashe kamar lauje.
Tsoho ya ja, ya daidaita, ya jera kara
nan da can, ya naɗe da tsumma.
"Bari kuka," in ji shi, "ƙashi na son haɗuwa,
tsayawa shi kaɗai ne ba ya iyawa."
Da yaron yake.
Ni ko kallona bai yi ba.

Na mayar da tabarma inda take.

Daga baya Luba ta tsinto matattun batura a kasuwar Jega,
ta fasa, ta zaɓi masu sauran rai,
ta haɗa mana akwatin wuta a cikin kwalin sabulu.
Yana ɗaukar awa biyu, wani lokacin da rabi.
Manu ya kawo asusu, ɗari biyu duk Juma'a,
wanda ba shi da ita ya kawo gari.
Ni na fi kawo gari.

Na sake zama jarrabawa. Ɗaya ta wuce,
ɗaya tana nan tana jirana baɗi.

Jiya da dare abin da na rubuta a takarda
na zuba shi a na'ura, ya tashi karon farko,
babu jan rubutu ko ɗaya.
Na waiga in faɗa wa wani,
duk sun yi barci da takalmansu.
Ƙarfe ɗaya saura minti uku.
Na zare gwangwanin a hankali, kamar mai sauke majinyaci,
na ajiye ta kusa da kan Manu.
Talata tasa ce.