Baje Koli a Jami'ar Damagaram

Kujeru sittin na aro daga Garin Malam,
rumfa kuwa bashi ce, jaka uku.
Na ce kowa ya kawo abin da ke hana shi barci.

Cima ta zo da tulu biyu, yashi da gawayi.
Ruwan tabki ya fito garau,
malamin kimiyya ya kurɓa, ya yi shiru, ya ƙara.

Ina shirin jawabi wuta ta ɗauke.
Sai Manzo, da ba a jin bakinsa a aji,
ya kafe tsohon kekensa, ya ƙulla waya,
yana ta tuƙi ba ya zuwa ko'ina.
Lasifika ta yi tari, ta farka.

Har magariba yana bisa sirdi.
Jawabina ya kwana a aljihu.