Wasiƙun Ustinya

Ni ne Prokhor, mai gyaran keken doki a Olshanka.
Ko baƙi ɗaya ban sani ba.
Shi kuwa Gleb, a ƙarshen hunturu aka turo mana shi,
tabarau ɗaure da zare a kunnen hagu,
rigar soja ta haɗiye shi har yatsu.
Saje ya dube shi sama da ƙasa, ya ce:
wannan ko kaza ba zai iya yankawa ba.

Wani ya tsegunta mana ubansa mawaƙi ne,
irin masu rubutawa a littafi.
Muka ce karanto mana ko baiti guda.
Ya ce ya manta.
Sai can wani dare a rami,
muna raba dankali ɗaya da wuƙa,
ya ba ni labarin ranar da malama ta sa 'yan aji
su yage shafi na arba'in da uku,
inda hoton ubansa yake.
Shi ma ya yage nasa,
ya bi layi ya ajiye a tebur kamar kowa.
Yana ɗan shekara goma sha ɗaya.
Uban kuwa, tun daren da aka buga ƙofa
ba a sake jin tarinsa a matakala ba.

Shi ke rubuta mini wasiƙa zuwa ga Ustinya.
Nakan ce: gaya mata ina lafiya,
ta kula da saniya, kada ta ba da aron zartona.
Magana uku ce tak,
amma fensir ɗinsa ya yi ta tafiya
har ya juya bayan takarda.
In na ce, me kake ƙarawa?
sai ya ce: gaisuwa ce, Kawu Prokhor,
gaisuwa ai tsawo gare ta.
Ladansa rabin tabata.
Bai taɓa sha ba, takarda yake musanyawa.

Watan Yuli, a gonar da ba mai girbe ta,
gab da wani kogi da ban riƙe sunansa ba,
ɓarɓashin igwa ya same shi a cinya.
Na ga raunin da ya fi wannan, mai shi ya tashi.
Ni na ɗora shi a lori.
Ya miƙo fensir, ya ce riƙe mini, kada ya karye.
Lori ya sha kwana bayan fararen itatuwa.
Asibiti suka ce bai iso ba.
Runduna ta ce ya bar hannunta.
Akawu ya jiƙa alƙalami ya rubuta: ba labari.
Shekara goma sha tara ke nan, kalma biyu ta ɗauke su.

Na dawo gida da ɗingishi.
Ustinya ta yi wata guda tana kallona,
ran nan tana yanka burodi ta ce:
bakinka ba irin na wasiƙunka ba ne.
Ta buɗe akwati, guda goma sha bakwai,
ta karanta mini a gindin fitila.
Ashe ni na ce dusar ƙanƙara tana sauka
kamar mai shiga ɗakin majinyaci.
Ashe ni na ce in na rasa barci
nakan ƙirga takunta daga rijiya zuwa ƙofa.
Na sunkuyar da kai na gaya mata gaskiya.
Ba ta yi fushi ba. Ta tambayi launin idonsa.

Har yau ban sani ba:
na uban ne ya ɓoye a ƙarƙashin sunana,
ko nasa ne, na fari kuma na ƙarshe?
Wa zan tambaya?

Bara jikata ta koya mini baƙaƙe huɗu.
Fensir ɗin ya rage kamar gaɓar yatsa.
Tun da ba kabarin da zan je,
a ƙyauren ɗakin saniya na rubuta shi,
ta ciki, inda ruwa ba ya bugu.